Kalandar Taimako: Daga Tiga Zuwa Nguru

Ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Kudu masu buga kalanda don tara kuɗin taimako, ba lalle sai sun cika ta da fuskokin manya ba. Hotunan kogunan gida ma sun isa wata goma sha biyu.

Mai ɗaukar hoto sai ya fara daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ya bi babbar hanyar ruwa zuwa Kadawa da Kura. Can da rani zai tarar ana tsinkar tumatir, watau irin wanda ake saukewa a kasuwar Mile 12 ta Ikko.

Amma fa kada ya tsaya nan, ya gangara kogin Haɗeja har Nguru. Tun da aka tare ruwa a Tiga, aka ƙara da Challawa a 1992, kogin ya bar ƙafewa da rani. Ciyawar kachala kuwa ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi.

To, hoton masunci tsundum cikin ruwa yana saran kachala, shi zai nuna wa mai saye inda kuɗinsa za su.