Jadawalin girkin mako: Allon da ke kare albashin ma'aikaci a Abuja

A hukumance, ƙarfe 4 na yamma ne lokacin tashi daga aiki a ma'aikatun gwamnatin tarayya. Sai dai ma'aikacin da ke zaune a Nyanya, Mararaba, Kubwa ko Lugbe ya san cewa tashi daban, isa gida daban. Cunkoson hanya kan cinye sa'o'i, ga hadiman manyan jami'ai kuwa, sai lokacin da maigida ya sallame su.

A irin wannan lokaci ne tambayar "me za a dafa?" ke tasowa, kuma a lokacin ne amsarta ta fi tsada. Wanda ya gaji ba ya ciniki. Zai tsaya a bakin titi ya sayi kayan miya kashi-kashi, ko ya yi wa iyali odar abincin sayarwa, alhali alayyahon da aka sayo ranar Asabar yana can yana yaushi a kicin.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan ɓarna ta fi ƙarfin aljihun mutane da dama. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Ma'aikaci ba shi da iko a kan farashin kasuwa, amma yana da iko a kan abin da ke lalacewa a gidansa.

Hanya mai sauƙi ita ce a amsa tambayar sau ɗaya a mako. Abin da ake buƙata shi ne ƙaramin farin allo da maka mai gogewa, ko takardar da aka lulluɓe da leda mai kauri, a rataye a kicin. A ja layi bakwai na ranaku, a raba su gida huɗu: abincin dare, mai girkawa, abin da za a tanada tun da safe, da abin da ya ƙare a gida. Kamar allon makaranta, ana wankewa a sake rubutawa. Layukan na nan, abin da ke cikinsu ne ke sauyawa.

Sirrin jadawalin na cikin yadda aka jera ranakun. Abin da ke saurin lalacewa shi ake fara ci. Idan Asabar ce ranar cefane, miyar taushe, alayyaho, zogale da ɗanyen kifi su zo a Lahadi da Litinin. Tsakiyar mako ta koma ta markaɗen tumatir, tattasai da attaruhu da aka dafa aka raba a ƙananan mazubai, wanda zai ɗauki shinkafa yau, gobe taliya ko doya. Ƙarshen mako kuwa na busassun kaya ne: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da kifin banda, waɗanda ba ruwansu da ɗaukewar wuta.

Wutar lantarki ce ma ke sa wannan jeri ya zama dole. Firji a rufe kan riƙe sanyinsa kimanin sa'o'i 4 bayan an ɗauke wuta, injin daskarewa da ke cike kuma kan kai kwana biyu idan ba a yawan buɗe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce sa'o'i 2 a ajiye ba tare da sanyi ba. Gidan da wutar unguwarsu ba ta da tabbas bai kamata ya dafa miyar mako guda a tukunya ɗaya ba.

Gida na uku a allon shi ne ke rage wahalar yamma. Idan shinkafa da wake za a ci, a tsince waken a jiƙa kafin a fita aiki, ya nuna da wuri, gas ya yi auki. Gidan mai girkawa kuwa yana sauke wa mutum ɗaya nauyin tunani, domin miji, 'yar aiki ko babban yaro kowa na ganin abin da ke kansa ba sai an buga waya daga cikin mota ba. Yana da kyau a bar dare ɗaya babu rubutu, saboda ragowar abinci, baƙi ko taron da ya ja lokaci a ofis.

Daga allon ne jerin cefane ke fitowa. Hatsi, mai da wake a saye su da mudu ko buhu da zarar albashi ya shigo; kayan gwari kuma mako-mako, a inda suka fi araha kamar Dei-Dei ko Kasuwar Orange da ke Mararaba. Maƙwabta ko abokan aiki kan haɗa kuɗi su raba kwandon tumatir, kuma hakan na yin amfani ne idan kowa ya san abin da zai yi da kasonsa kafin ya ruɓe.

Amfanin allo mai gogewa shi ne yana bin yanayi. Da rani tumatir kan yi araha, da damina ya yi tsada ganye ya wadata, da kaka sabon hatsi da doya su shigo. Makon ƙarshe kafin albashi ma yana da nasa jadawalin: ɗan wake, fate, tuwo da miyar kuka. Idan an tsara shi tun farkon wata, iyali za su ci shi a matsayin zaɓi, ba tare da an je cin bashi a shagon unguwa ba.