Maƙeran Abzin: Aikinsu ya kai Faransa da Amurka, sunansu ya tsaya a gida

Idan aka ambaci Tabelot, garin da ke gindin tsaunin Bagzan a jihar Agadas, albasa da tafarnuwa ne ke fara zuwa wa mutane a rai. Sai dai masu sayen kayan azurfa sun san Bagzan ta wata hanyar daban. A cikin samfura 21 na abin wuyan nan da Faransawa suka sa wa suna croix d'Agadez, akwai guda mai ɗauke da sunan tsaunin, kamar yadda Timia da Iferouane da In-Gall ke da nasu.

Masu wannan sana'a su ne Inadan, wato maƙeran Abzinawa, kuma gadonta ake yi. Aikinsu bai tsaya ga ƙarfe ba. Su ke sassaƙa cokali da ludayin itace, su haɗa sirdin raƙumi, su fafe dutse su fitar da awaikin da maza ke sawa a damtse. Matansu kuwa dukanci ne nasu.

Wajen ƙera abin wuyan, maƙeri yakan fara fitar da siffar da kakin zuma, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya sa a wuta. Kakin ya narke ya zube, sai ya ɗura narkakkiyar azurfa a gurbinsa. Idan ta huce dole ya fasa yumɓun kafin ya ciro ta, don haka kowane guda da nasa zubin. Daga nan sai goga da zane, inda ake gane gwani. A da, tsoffin kuɗin azurfa na Maria Theresa masu ɗauke da shekarar 1780 ake narkarwa.

Ɗaya daga cikin ƙalilan da sunansu ya fita waje shi ne Saidi Oumba na birnin Agadas, tare da matarsa Andi Ouhoulou mai aikin fata. Wani masanin kayan tarihi Ba'amurke, Thomas Seligman, ya shafe sama da shekara 30 yana bibiyar aikin gidansu. A 2006 aka buɗe baje kolin "Art of Being Tuareg" a Amurka, wanda ya kai har gidan tarihi na Smithsonian a Washington a 2007, kuma kayan iyalin na ciki da sunayensu. Wannan ba abu ne da aka saba gani ba. Kamfanin Hermès na Faransa ya daɗe yana sayar da kawunan bel na azurfa da maƙeran Agadas suka ƙera, amma sunan da mai saye ya sani shi ne Hermès.

A can yammacin Kanada akwai ƙabilar Haida, wadda labarinta ke kama da wannan. Tun ƙarni na 19 masassaƙansu ke sassaƙa wani baƙin dutse mai laushi suna sayar wa Turawa matuƙan jiragen ruwa, yawanci ba tare da an rubuta wanda ya yi ba. Bill Reid, wanda aka haifa a 1920, mahaifiyarsa 'yar Haida ce. Yana aikin gabatar da shirye-shirye a rediyo ya koyi ƙirar zinariya da azurfa, yana bin sawun kakansa na wajen uwa, Charles Gladstone. Daga mundaye ya koma manyan ayyuka: kwalekwalen tagulla da ya tsara yana ofishin jakadancin Kanada a Washington tun 1991. Ya rasu a 1998, a 2004 kuma aka buga hoton ayyukansa a bayan takardar dala 20 ta ƙasar.

Ba gwaninta maƙeran Abzin suka rasa ba. Abin da Reid ya samu shi ne gidajen tarihi da gwamnati da kasuwa da suka riƙa kiran sunansa har ya zama kuɗi. Namu kuwa kasuwarsu ta rataya ne a wuyan 'yan yawon buɗe ido, har wasu suka koma sassaƙa raƙuma da barewa da farin dutse mai laushi don baƙi. Tawayen MNJ da ya ɓarke a Fabrairun 2007, da sace ma'aikata bakwai a Arlit a Satumban 2010, suka kori baƙin. Sanya tsohon birnin Agadas a jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013 bai dawo da su ba. Da zinariya ta bayyana a Djado a 2014, daga baya har a yankin Tabelot, matasa da dama suka nufi ramukan haƙa.

Waɗanda suka riƙe maƙera yanzu su ke bin masu saye: Yamai, Kano, Abuja, bukukuwan baje koli a Turai, ko Facebook da WhatsApp. A can suna gogayya da na jabu, farin ƙarfe mai araha da ake kira azurfa. Ga 'yan uwa mazauna waje da ke aiko wa a saya musu tsaraba, akwai abin dubawa: wasu maƙeran kan zana sunansu da haruffan Tifinagh a bayan abin wuyan. A juya a gani, idan babu a tambayi dillalin wane ne ya ƙera.