Littafi Cikin Hutun Damina

Dogon hutun makaranta yakan faɗo tsakanin Yuli da Satumba, daidai lokacin da ciyawa ke neman fin ƙarfin maigida. Malamai kan sallami yaran ƙaramar sakandare da littafi, su karanta su rubuto abin da suka fahimta. Amma a gidaje da yawa littafin na ƙarƙashin tabarma har a koma, domin yaro daga fartanya sai barci.

Wannan hasara ce, 'yan'uwa. Yaron da karatunsa ya yi tsatsa, shi ne gobe zai kasa gane umarnin da ke jikin kwalbar maganin feshi.

Ba a ce a raba shi da gona ba. Ku bar masa awa guda kafin duhu ya yi. In Magana Jari Ce aka ba shi, na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, sa shi ya karanta da ƙarfi a tsakar gida. Labaran akun nan, har kaka za ta matso.

'Yan mata ne abin tausayi: an dawo gona, ga daka, ga ɗiban ruwa. Iyaye mata, ku ɗauke musu turmi na wannan awar.

Inda littafi bai isa ba, ƙungiya ta sayi biyu su zaga gidaje, magatakarda yana rubuta sunan mai aro.