Waƙoƙin Emo: Samarin da Suka Ƙi Haɗiye Damuwarsu

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filin kaɗe-kaɗen duniya na wannan mako. 'Yan gwanjo masu fasa dila sun sha cin karo da baƙaƙen riguna, wasu har da hoton ƙwarangwal, an rubuta My Chemical Romance ko Fall Out Boy. Akwai ma masu tambaya ko tambarin ƙungiyar asiri ne. To, ba haka ba ne. Sunayen mawaƙa ne, masu wani salon kiɗa na Amurka da ake ce wa emo.

Emo reshe ne na kiɗan rock, wato wanda ake yi da jita mai lantarki da jerin ganguna. A farkon shekarun 1980, samarin birnin Washinton suna yin wani nau'insa mai tsananin sauri da ihu, kuma sau da yawa wurin wasa kan rikiɗe ya koma filin dambe. A 1985 wasu daga cikinsu suka ce sun gaji. Ƙungiyar Rites of Spring, mai mawaƙi Guy Picciotto, ta riƙe ƙarfin kiɗan amma ta sauya magana. Maimakon zagin hukuma, sai ga saurayi yana faɗin kewa da nadama da ciwon rabuwa a gaban mutane. Faifai babba guda ɗaya tak suka fitar, a ƙaramin kamfanin Dischord, kafin su watse. Sunan emo kuwa an gutsuro shi ne daga kalmar Turanci mai nufin motsin zuciya, kuma da farko kusan ba'a ce. Shi kansa Ian MacKaye, ɗaya daga cikin masu kamfanin, ya fito fili ya ce bai yarda da sunan ba.

Mu da muka tashi da kunya da kara, inda namiji kan danne hawayensa ko da an yi masa rasuwa, mun san nauyin abin da suka yi. Ai can ma haka ake kallon kukan namiji.

Yaya za ka gane waƙar emo in ka ji ta a waya? Galibi takan fara a hankali, jita tana tafiya sannu-sannu, murya ƙasa-ƙasa. Can sai ganguna su ɓarke, mawaƙi ya ɗaga murya har ta shaƙe, sannan a sake lafawa. Ƙungiyar Sunny Day Real Estate ta birnin Siyatil ta ƙware a wannan tsari a faifanta Diary na 1994. Su kuwa American Football, ɗalibai ne a jihar Ilinois. Sun fitar da waƙar "Never Meant" a 1999, kan soyayyar da ta mutu, suka watse ba tare da sun yi wani suna ba. Sannu a hankali waƙar ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, har suka sake haɗuwa a 2014 suka tarar da ɗakunan wasa cike.

'Yan kasuwa, ga naku labarin. Jimmy Eat World 'yan jihar Arizona ne. Bayan faifansu Clarity na 1999, sun rabu da babban kamfanin Capitol saboda ciniki bai yi armashi ba. Ba su zauna jiran wani ba. Suka yi ta yawon wasa gari-gari, suka kama ƙananan ayyuka, suka tara jari suka biya kuɗin sabon faifai daga aljihunsu. A ciki ne waƙar "The Middle" take, mai rarrashin yaron da tsaransa suka ware, kuma a 2002 ta kai mataki na 5 a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Mahaƙurci mawadaci.

Daga nan emo ya shiga babbar kasuwa. Gerard Way ya kafa My Chemical Romance a jihar Niyu Jasi bayan ya ga harin 11 ga Satumban 2001 da idonsa. Waƙarsu "Helena" ta'aziyyar kakarsa ce da ta rasu, sannan "Welcome to the Black Parade" ta zo ta ɗaya a Ingila a 2006. A lokacin ne shigar ta yaɗu: baƙin kaya, matsattsen wando, kwalli a ido, gashi ya rufe rabin fuska.

Amma fa shigar ta jawo wa yara wahala. A 2008, bayan mutuwar wata yarinya mai shekara 13 a Ingila, jaridar Daily Mail ta danganta ƙungiyar da ɗabi'ar kashe kai. Mawaƙan suka musanta, suka ce saƙonsu shi ne a rayu kuma a nemi taimako, magoya bayansu kuma suka yi zanga-zanga a Landan. A watan Maris na shekarar, gungun matasa suka far wa masu shigar emo da duka a garin Keretaro na Meziko. A Iraƙi kuwa, a 2012, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun ba da rahoton kashe samari saboda irin wannan sutura da aski. Duk wanda aka taɓa tsarewa a shinge saboda rawaninsa ko kitson kansa ya san zafin a yanke wa mutum hukunci da kamanninsa.

Ba lallai kiɗan ya yi maka daɗi ba, kowa da irin nasa, wani garaya wani sarewa. Abin lura dai shi ne, miliyoyin matasa sun rungumi waɗannan waƙoƙi ne don sun rasa wanda za su faɗa wa abin da ke cin su. Iyaye da yayye, in kun ga yaro ya cika shiru, ya ƙaurace wa mutane, a jawo shi a tambaye shi, kada a tsaya ga faɗa kawai.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Masu tafiya, Allah ya kiyaye hanya. Masu kiwo, Allah ya ba da ciyawa.