Bo Jackson: Dalilin da ya sa Jami'ar Auburn ta jingine lamba 34

A jami'o'in Amurka, babbar karramawar da ake yi wa ɗan wasa ita ce a jingine lambar rigarsa, ta yadda ba za a sake bai wa wani ɗalibi ita ba.

Abin da Jami'ar Auburn ta jihar Alabama ta yi wa Bo Jackson ke nan a shekarar 1992, lokacin da ta jingine lamba 34. A 2012 kuma ta kafa mutum-mutuminsa a bakin filin wasanta na Jordan-Hare.

An haifi Jackson a garin Bessemer a 1962, kuma shi ne na takwas cikin 'ya'ya goma. A 1982 ƙungiyar New York Yankees ta neme shi domin wasan besbol, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da kulki, amma ya zaɓi shiga Auburn, wadda ta ɗauki nauyin karatunsa.

Bajinta a wasanni biyu

A ƙwallon ƙafar Amurka, wasan da ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, Jackson ya yi gudun yadi 4,303 cikin kakar wasa huɗu. A 1985 kaɗai ya yi yadi 1,786, abin da ya ba shi damar lashe lambar yabo ta Heisman, wadda ake bai wa gwarzon 'yan wasan jami'o'i kowace shekara.

A wannan shekarar kuma, a wasan besbol, sau 17 yana buga ƙwallo ta tsallake shingen fili.

Taƙaddama da Tampa Bay

A 1986 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Tampa Bay Buccaneers ta ɗauke shi a jirgin saman mai ƙungiyar domin ya ziyarce ta. Dokokin wasannin jami'o'i na lokacin sun hana ɗalibi cin irin wannan moriya daga ƙungiyar ƙwararru, saboda haka aka haramta masa ƙarasa kakarsa ta ƙarshe ta besbol.

Wannan ya ɓata wa Jackson rai. Duk da cewa shi Tampa Bay ta zaɓa a matsayi na farko cikin ɗaukacin ɗaliban da suka kammala, ya ƙi sanya hannu, ya koma ƙungiyar besbol ta Kansas City Royals. A 1987 kuma ya fara buga wa Los Angeles Raiders ƙwallon ƙafa, inda yake zuwa bayan an rufe kakar besbol.

An zaɓe shi cikin taurarin besbol a 1989, sannan cikin taurarin ƙwallon ƙafa a 1990. Shi kaɗai ne ya taɓa samun wannan matsayi a manyan gasannin biyu.

Rauni da dawowa

A watan Janairun 1991 ya ji rauni a ƙugu yayin karawa da Cincinnati Bengals. Jini ya daina isa ga ƙashin, wanda hakan ya kawo ƙarshen wasansa na ƙwallon ƙafa, kuma a 1992 likitoci suka musanya masa gaɓar ƙugun.

Sai dai a 1993 ya dawo fagen besbol da ƙungiyar Chicago White Sox, kuma a bugunsa na farko ƙwallon ta tsallake shinge. Ya yi ritaya bayan kakar 1994.

A 1995 ya koma Auburn ya kammala digirinsa a fannin iyali da tarbiyyar yara, domin cika alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa, wadda ta rasu a 1992. A 2024 ƙungiyar Royals ta saka sunansa a jerin fitattun 'yan wasanta na tarihi.