Dogon Direba da Kujerarsa: Yadda Za a Zauna a Tuƙa Mota Lafiya

Duk wanda ya saba tsayawa bakin titi a Kankiya ko Gidan Mutum Ɗaya yana jiran mota, ya san irin zama biyu da dogayen direbobi kan yi. Wani za ka gan shi a takure, gwiwoyinsa sun sa sitiyari a tsakiya, wuyansa a lanƙwashe kamar mai leƙen rijiya. Wani kuma ya kwantar da kujera ya miƙe abinsa, ba ka hango komai sai hula da hannu guda a saman sitiyari. Na farko ya san yana shan wuya, na biyu kuwa gani yake ya huta. Amma dukansu biyu suna cikin haɗari, su da mutanen da suka ɗauko.

Wannan magana ta shafe mu. A cikin ɗalibai masu fita bana akwai waɗanda sun riga sun kere malamansu tsawo, kuma ba da daɗewa ba wasu za su nemi lasin tuƙi. Ga kuma motar makaranta da ta ikilisiya, waɗanda hannu da yawa ke tuƙawa: yau gajere, gobe dogo. Saboda haka ya kamata mu san yadda ake daidaita kujera, da dalilin yin hakan.

Me ya sa mota take matse dogo?

Masu ƙera mota ba su san wanda zai saye ta ba, don haka da kirdado suke aiki. A da, an ɗauka cewa in an auna mutane da yawa aka fitar da matsakaici, to wurin zaman da aka yi masa zai dace da yawancin jama'a. A 1950 rundunar sojan sama ta Amurka ta auna jikin ma'aikatan jiragenta 4,063. Wani matashin hafsa mai suna Gilbert Daniels ya zaɓi awo goma, kamar tsawo da faɗin ƙirji da tsawon hannu, ya nemi waɗanda suke matsakaita a dukan goman. Ko mutum ɗaya bai samu ba. Wani doguwar ƙafa gare shi da gajeren gangar jiki, wani kuma akasin haka. Daga nan rundunar ta nemi a riƙa yi mata jirage masu kujerar da ake iya matsarwa.

Masu mota ma yau haka suke yi, sai dai matsarwar tana da iyaka. Galibi ana tsara wurin direba ne ya ɗauki mutane tun daga ƙaramar mace har zuwa namijin da ya fi maza 95 cikin 100 girma. Mutum-mutumin da ake sakawa a mota wajen gwajin karo, matsakaicinsa tsawonsa kimanin santimita 175 ne, babbansa kuwa kimanin 188, wato ƙafa 6 da inci 2. Wanda ya wuce haka ya fita daga lissafi. Shi ya sa a 1967, da ɗan tseren mota Dan Gurney, mai tsawon ƙafa 6 da inci 4, zai shiga tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, sai da kamfanin Ford ya yi wa rufin motarsa ƙusumbi domin hular kwanonsa ta sami wuri. Shi da abokin tuƙinsa A. J. Foyt ne suka ci tseren. Mu ba mai buga mana ƙusumbi a rufi, sai dai mu iya amfani da abin da kujera ta ba mu.

Abin da mugun zama ke jawowa

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. A ce saniya ta faɗo titi tsakanin Yashe da Kankiya cikin hazon hunturu. Direban da gwiwarsa ke karo da sitiyari duk lokacin da zai ɗaga ƙafa daga totur zuwa birki, in ya makara da rabin daƙiƙa kawai, motar ta ƙara cin mita 14 kafin birki ya fara aiki. Sau da yawa wannan ɗan tazarar ce tsakanin "Allah ya kiyaye" da zaman makoki.

In kuwa aka yi karo, gwiwar da ke jingine da gaban mota ita ke fara karɓar bugu. Ƙarfin yakan bi ƙashin cinya ya tura shi baya, har ya gurɗe ƙugu ko ya tsinke jijiyar gwiwa. Haka nan ƙafar da ke miƙe sambal a kan birki ba ta da inda za ta lanƙwasa, sai bugun ya wuce kai tsaye zuwa ƙugu.

Shi kuma mai kwantar da kujera, kafaɗunsa sun rabu da majingina, hannunsa ya miƙe, ba zai iya murza sitiyari da sauri ya kauce wa rami ba. Bel ɗinsa ma ba ya kwance a ƙirji, yana reto ne a iska. In aka ci birki da ƙarfi sai jikinsa ya sulale ta ƙarƙashin bel, igiyar ta hau cikinsa maimakon ta riƙe ƙashin ƙugu. Ko ba a yi haɗari ba, wuyan da ke miƙe gaba da bayan da ke lanƙwashe tun daga Kano har Katsina, kimanin kilomita 170, su ne mafarin ciwon bayan da ke sa direbobi da yawa ajiye aiki tun ƙarfinsu bai ƙare ba.

Matakai bakwai, bi da bi

Sirrin abin yana cikin jeri. Kuskuren dogo shi ne yakan fara da kai, alhali da ƙafa ake farawa. A yi wannan mota tana tsaye, an ja birkin hannu.

1. Ka zauna sosai. Ka tura ɗuwawunka har ƙarshen kujera, bayanka ya manne da majingina. In ba a yi wannan ba, duk awon da zai biyo baya ƙarya ne.

2. Ka auna ƙafa. Ka taka kuloci har ƙasa. In motar ba ta da kuloci, ka taka birki da ƙarfi. Ka ja kujera baya har sai ƙafarka ta kusa miƙewa amma gwiwa na da sauran lanƙwasa. Ka tabbata kujerar ta kama, ka ji ta yi ƙas, ka jijjiga ta ka gani. Tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarka a sami wurin yatsu biyu ko uku, domin jini ya riƙa gudana.

3. Ka sauke kujera. In tana hawa da sauka, ka sauke ta har hannunka a kwance ya shiga tsakanin kanka da rufi, kuma kana hango titi ta tsakiyar gilashi, ba ta gefen rufi ba. In gaban mazaunin yana ɗagawa, ka ɗan ɗaga shi ya tallafi doguwar cinyarka.

4. Ka gyara majingina. Kada ta miƙe kyam kamar bencin aji, kada kuma ta kwanta. Ta ɗan karkata baya kaɗan, kimanin digiri 100 zuwa 110 tsakaninta da mazauni. Ɗalibanmu na lissafi sun san cewa wannan ɗan ƙari ne kawai a kan kusurwa mai digiri 90.

5. Ka auna hannu. Kafaɗunka na manne da kujera, ka miƙa hannu saman sitiyari. In wuyan hannunka ya sauka a kai, to daidai ne. In yatsu ne kawai suka kai, ka yi nisa. Motoci da yawa suna da ɗan hannu a ƙarƙashin sitiyari wanda in ka sake shi, sitiyarin zai hau ko ya sauka, wasu ma har ya matso. Dogo ya ɗaga shi ya buɗe wa gwiwa hanya, ya kuma jawo shi kusa. Ka riƙe shi da hannu biyu, inda ƙarfe 9 da ƙarfe 3 suke a fuskar agogo. In motar na da jakar iska a sitiyari, ka bar aƙalla santimita 25 tsakaninta da ƙirjinka.

6. Ka ɗaga matashin kai. Wannan ba ado ba ne, kuma ba don barci aka yi shi ba. Aikinsa tare kai in an buge mota ta baya. Samansa ya yi daidai da saman kanka, ya kuma kusanci ƙeyarka. Ga dogo, matashin da aka bari a ƙasa yakan tsaya a wuya ne, sai kai ya karye baya ta kansa. Wanda ya cire shi gaba ɗaya ya cire wa wuyansa garkuwa.

7. Ka ɗaura bel, ka gyara madubai. Igiyar sama ta bi tsakiyar kafaɗa, kada ta zame ta gefen hannu. A motoci da yawa maƙalinta da ke jikin ginshiƙin ƙofa yana hawa, sai dogo ya ɗaga shi. Igiyar ƙasa ta kwanta a kan ƙashin ƙugu, ƙasa da cibiya. Wannan bel mai maƙali uku injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo ne ya ƙirƙiro shi, aka fara sa shi a mota a 1959. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura shi daga 1 ga Janairu 2003. Madubai su ne na ƙarshe. Ka saita su kana zaune daidai. In can a hanya ka ga madubin tsakiya ya daina nuna maka baya sosai, to kai ne ka zame, sai ka gyara zamanka ka bar madubin.

Sutura ma tana da hannu

Doguwar hula takan ci inci uku ko huɗu na ɗan wurin da ya rage tsakanin kai da rufi. Mutum yakan kwantar da kujera domin hularsa ta tsira, ya manta da bayansa. Gara a tuɓe ta a ajiye a gefe, in an isa a mayar. Haka ma dogayen mata masu babban ɗaurin ɗankwali. Mai babbar riga ya naɗe hannuwanta a kafaɗa kafin ya ɗaura bel, kada ta harɗe giya. Silifas da takalmi mai tsini sukan zame ko su maƙale a ƙarƙashin birki. Kada kuma a zauna a kan jakar kuɗi ko waya a aljihun baya, domin tana karkatar da ƙugu, ta danne jijiyar da ke sauka ƙafa.

Tsofaffin motoci da motocin haya

Ba kowace mota ce ke da duk waɗannan gyare-gyare ba. Peugeot 504, wato Fijo, wadda kamfanin PAN na Kaduna ya shekara wajen talatin yana haɗawa bayan buɗe shi a 1975, ta yi wa ƙasar nan bauta, amma ita da sa'o'inta ba su da yawan abubuwan matsarwa irin na motocin baya-bayan nan. A bas ƙirar Hiace da muka saba gani a tasha, direba a kan inji da tayar gaba yake zaune, kujerarsa ba ta ja da baya da nisa, kuma ƙarfe kaɗan ne tsakanin ƙafarsa da abin da zai buga. A irin waɗannan, dogo ya ja kujera iyakarta, ya kiyaye mataki na 1 da na 4, ya rage gudu.

Sau da yawa ma ba ƙirar motar ce matsalar ba. Ƙura da tsatsa sukan cushe ƙarfen da kujera ke gudu a kai, sai a ɗauka ba ta motsi. Wankewa da ɗan giris sukan warware ta. In ƙarfen ya karye, a nemi wani a wurin masu kayan gyara, kamar na Ƙofar Ruwa a Kano. Kada a kai wa mai walda ya like kujera wuri guda, kada kuma a tokare ta da dutse ko katako, domin ranar karo ba za su riƙe ba. Soson da ya mutu ya lotsa, mai ɗinkin kujera zai iya sake shi, amma dogo ya gaya masa kada ya cika tudu.

Akwai kuma halin da fasinjoji ke da laifi a ciki. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, wani lokaci har a raɓa wani a kujerar direba, sannan na baya ya ce, "Malam direba, ɗan matsa gaba mana." Mai faɗin haka yana neman wa gwiwarsa sauƙi ne da ƙafar da za ta taka masa birki. Mutanen Rimaye da Kusada da ke fitowa wannan titi ranar kasuwa, in kun ga direbanku dogo ne, ku sa yaro ko gajere a bayansa, ku bar masa wurinsa.

In za a sayi mota

Dogon da zai sayi mota, sabuwa ko 'yar Kwatano, kada fenti ya ruɗe shi. Ya shiga ya bi matakan nan bakwai, ya tuƙa ta na ɗan lokaci. Girman mota daga waje ba ya nuna yalwar wurin direba. Wata ƙaramar ta fi wata babbar sakewa. Mai tagar rufi takan rage wurin kai. In an gama gyara duka amma har yanzu gwiwa na taɓa sitiyari ko kai na gogar rufi, to motar ba tasa ba ce, komai arharta.

A ƙarshe, ko zama ya yi daidai, jiki ba ya son daɗewa wuri guda. A doguwar tafiya a tsaya duk bayan awa biyu, a fito a taka ƙasa na minti goma sha biyar. Gyaran kujera kuwa ba ya cin minti biyu, kuma ba a biyan ko kwabo. Ana yi wa dogaye ba'a cewa dogo da hankali dace ne. To, ga hanyar da za su ƙaryata masu faɗi: su gyara zama kafin su murza makulli. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.