Naraguta: Ware Shara Tun Daga Gida Na Rage Kuɗin Taki

JOS — A yankin Naraguta da ke arewacin birnin Jos, tokar murhu da ɓawon kayan miya da magidanta ke zubarwa a juji suna cikin abubuwan da manoman lambu ke nema da kuɗinsu idan rani ya kama. Sai dai darajar wannan haja ta dogara ne ga yadda aka zubar da ita tun daga gida.

Naraguta na cikin wuraren da Turawa suka fara kafa sansanin haƙar kuza a farkon ƙarni na 20. Bayan da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, abin da ya rage wa jama'ar Filato shi ne kududdufai da ƙasar da aka birkita. Da ruwan waɗannan kududdufai da na kogin Dilimi ne manoma ke noman karas, kabeji, latas da tumatir, waɗanda 'yan kasuwa ke lodi zuwa wasu biranen ƙasar nan.

Ƙasar wannan yanki tana da tsami, ba ta kuma riƙe taki sosai. Toka tana kashe tsamin ƙasa, tana kuma ba shuka sinadaran fotash da kalsiyam, amma ba ta da naitirojin, domin wuta kan kore shi. Wannan ne dalilin da ya sa manoma ke haɗa ta da kashin kaji, wanda ake samu da yawa a gonakin kiwon kaji na Jos, sa'annan su ƙara takin zamani kaɗan. Duk lokacin da takin zamani ya yi tsada, kamar a 1997 da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafinsa, ko a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, wannan haɗi ne ke rage wa manomi nauyi.

Matsalar ita ce gauraya. Wani bincike da masana daga Jami'ar Durham ta Ingila suka wallafa a 2004 kan tokar juji a Jos ya nuna cewa ingancinta ya bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri, har ma akan sami dalma a cikin wadansu. Idan aka haɗa leda, tsofaffin batura da kwalabe da sauran shara aka ƙona, hayaƙin yana cutar da maƙwabta, tokar kuma tana iya kai guba cikin gona. Bugu da ƙari, manomi zai biya kuɗin mota don ɗauko kayan da ba su da amfani, ya kuma biya 'yan ƙwadago su tsince su.

Maganin bai buƙatar jari mai yawa. Gida, gidan abinci ko shago zai iya ajiye mazubi uku: ɗaya na toka da ragowar abinci, ɗaya na ƙarafa, gwangwanaye da robobin da 'yan gwangwan ke saye a kan sikeli, ɗaya kuma na abin da ba ya komawa. Batura a ware su dabam, kada su shiga wuta. Haka nan mai zuwa kasuwar Farin Gada da kwandonsa ko jakarsa ya rage ledar da za ta ƙare a lambu ko ta toshe magudanar ruwa. Ƙasashen Ruwanda a 2008 da Kenya a 2017 sun kai ga haramta jakar leda da doka.

Dukawan Naraguta, waɗanda suka yi suna wajen ɗinkin jakunkuna da takalma, sun daɗe da sanin wannan lissafi: guntun fatar da ya rage daga babbar jaka shi ke zama ƙaramar lalita ko maratayin makulli.

Ga 'yan kasuwa, akwai gurbi tsakanin mai zubarwa da mai buƙata. Gidajen abinci da ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Jos da ke Naraguta suna fitar da ragowar abinci kullum, gonakin lambu kuma suna kusa, don haka kuɗin sufuri kaɗan ne. Wanda zai karɓi sharar da aka ware, ya ruɓar da ita ta zama taki, ya zuba a buhuna kafin watan Oktoba lokacin da noman rani ke farawa, zai sami masu saye a bakin Dilimi.